Gwiwar Goggo Mairam

Tun da na dawo daga Damagaram ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wadda ta shigo shagona, kafin ma ta kwance atamfarta, sai ta ja kujera ta ce, "Uwani, yaya Faransa?" Haka muke kiran Nijar a unguwarmu tun zamanin kakanni. In na fara ba da labari wata ta shigo a tsakiya, sai a ce in koma farko. Ni kuwa ba a roƙona magana, kowa ya san haka, amma ko mai surutu yana gajiya da faɗin abu ɗaya. Shi ya sa na rubuta, mai son ji ta karanta, ta bar ni da kekena.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Zermu ne a ƙasar Damagaram, ya zo Kano fatauci yana saurayi ya yi zamansa. A ɗakinsu mutum ɗaya ta rage, ƙanwarsa Goggo Mairam. 'Yarta Fanna ce ta kira ni a waya ta ce Goggo tana kwance a asibiti, tun kaka take ramewa, an ƙara mata jini ya sake yin ƙasa, likita kuma ya rasa inda jinin yake tafiya. Dangi na ƙauye sun yanke shawara cewa in ruwan shuka ya sauka ba a ga sauƙi ba, za a mayar da ita Zermu ta kwanta a ɗakinta, tunda maza za su shiga gona, babu mai zirga-zirga. Na san abin da ake nufi da ta kwanta a ɗakinta. Fanna ta ce, "In kina so ki same ta, ki taho."

Maƙwabta da suka ji zan tafi dubiya, kowa ya kawo abin da ya taɓa yi masa amfani. Wannan sassaƙe, wannan man zafi, wannan ƙwayoyi a ƙulle a leda, wata ma da rubutu a gora. Na cusa su duka a jaka ɗaya don kada wani ya ce na raina nasa.

Muka tashi da hantsi ta Kazaure da Daura. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mutuniyar Guna ta ƙasar Damagaram, Hajiya Zara, ta sayo bokitan roba har sun fi ƙarfin wurinta. Da ta ji bakina ta gane Bakanuwa ce, ba ta ko nemi izini ba ta ɗora mini rabinsu a cinya.

"Riƙe mini, ai ku bayinmu ne."

Na ce, "Da can da yaƙi kuke zuwa Kano, yanzu kun koma zuwa da kuɗin bokiti. Allah ya ƙara shiryarwa."

Duk motar aka yi dariya, daga nan muka zama ƙawaye. Ita ta yi mini jagora a bakin iyaka. A Kwangwalam aka sauke mu muka taka da ƙafa, da muka shiga ɓangarensu wani jandarma ya miƙo hannu ya ce, "Karne." Na tsaya ina kallonsa, sai Hajiya Zara ta zungure ni ta ce katin rigakafi yake nema, mai ruwan ɗorawa. Allah ya sa Fanna ta gargaɗe ni na taho da shi. Can gaba mutumin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya buɗe jakar maƙwabta, ya jera kayan a tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Madam, farmasi za ki buɗe?"

"Na mara lafiya ne."

"Me ke damunta?"

Na ce ba a sani ba tukuna.

"To wannan duka maganin mene ne?"

Ya mayar mini da sassaƙen da gorar, ya riƙe ƙwayoyin da ba su da kwali, ya ce kada in ba ta komai sai lokotoro ya gani. Lokotoro shi ne likita a bakinsu. Na ji haushi a lokacin, amma har muka wuce Matamai tambayarsa tana cina.

A Takeita na fara ganin burodinsu, dogo siriri kamar muciya, ɓawonsa ya kusa tsaga mini dasashi. Hajiya Zara ta ce ba a gutsurarsa haka a bushe sai baƙauye. Muka shiga Damagaram bayan la'asar, tsakanin manyan duwatsu da suke zaune cikin gari abinsu. Ɗan kabu-kabu ya kai ni a babur bakin Birni, tsohon garin, ya ce iyakarsa ke nan, rairayi zai kayar da mu. Na ɗora jaka a kai na bi lunguna ina tambaya, wata tsohuwa mai saƙar faifai ta ajiye aikinta ta kai ni har ƙofar gidan.

Ni da Fanna taubasai ne, ɗiyar mace da ɗiyar namiji, don haka ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba muka fara tsiya. Ta kai mini ruwan wanka bokiti guda, na juye shi duka a jikina na leƙo na ce a ƙaro. Ashe ruwan nan rabona ne na wanka da alwala har gobe, don a bazara famfonsu sai ya ga dama. Fanna ta ce, "Kanawa, an zo dubiya za a kashe masu lafiya da ƙishi." Amma furarsu ta wanke musu laifi a wurina. Gero ne zalla, wanda suke kira hatsi, ga nono mai kauri, ban sha irinta ba tun ina yarinya.

Mijin Fanna kowa Mushe Laminu yake ce masa. Mushe malamin makarantar boko ke nan, ya koyar shekaru masu yawa ya yi ritaya. Dogo ne mai sanyin magana, rigarsa kullum a goge. Shi ya ɗauko Goggo daga Zermu, shi ya ba ta jininsa da aka nema, shi yake zuwa asibiti kowace safiya kafin likita ya zaga. A Kano ban taɓa ganin surukin da ya yi wa uwar matarsa rabin wannan ba, na kuwa faɗa masa haka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwa ce."

Washegari muka tafi tare. Asibitinsu da namu ba su da wani bambanci sosai. Masu jinya sun yi sansani a ƙarƙashin itatuwa da tabarmi da murhu, mata na daka, wasu na shanya. Abin da na lura shi ne ba sa ɗaga murya kamar mu. Mai gadi ya ce lokacin dubiya bai yi ba, mutane suka koma inuwa suka zauna shiru. Na ce a raina, da a garinmu ne da tuni an tambaye shi ko gidan ubansa ne.

Mu da yake masu jinya ne aka bar mu muka shiga wurin Goggo. Matar da na sani ƙaƙƙarfa mai faɗa ta koma kamar yarinya a kan gado, tafin hannunta fari fat. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka uwata take kirana. Ta riƙe hannuna ta ce, "Uwata, kin zo da bakin naki?" Na ce na zo da shi, ai ba a barinsa a gida. Na yi dariya, amma kuka nake ji.

Ba a jima ba likita ya shigo. Matashi ne daga Yamai, Bazabarme, Hausarsa ba ta wuce sannu da yaya jiki ba. Saboda haka Mushe ne tafinta. Ni kuwa da son ganin yadda ake komai, na matsa jikin bango na zuba ido. Da Mushe ya matso bakin gadon, Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango. Shi ma ya cire takalmi, ya ɗan rusuna, idonsa a ƙasa. Likita ya yi doguwar magana da Faransanci. Mushe ya ce, "Inna, lokotoro yana tambaya ko akwai inda ke miki ciwo."

"Gwiwa ce," in ji Goggo, da ƙyar ake ji.

Likita ya taɓa gwiwar, ya sake yin wata doguwar maganar, har yana nuni da hannu. Mushe ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, ya ce ban da gwiwa babu wani abu?"

"Alhamdu lillahi."

Likita ya girgiza kai, ya ja fatar idonta ya duba, ya wuce gado na gaba. Fanna tana tsaye daga ƙofa, don ita ce 'yar fari, Goggo ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce yarinyar nan. Na tambaye ta ko kullum haka ake yi, ta ce kullum. An ba da maganin gwiwa, an ɗauki hotonta, babu abin da aka gani sai tsufa.

Na karɓi zaman jinya don Fanna ta huta. A nan na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Goggo da ba ta iya ɗaga kofi, in za ta kewaya ba ta yarda a raka ta ciki. Zannuwanta kuma ba ta ba kowa wanki. Sai ta faki ido ta ja jiki zuwa bakin famfo, ta wanke da kanta, ta shanya can bayan ɗaki inda ba a bi. Na ce ta kawo in wanke, ta fizge da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Na zauna kusa da ita na rage murya.

"Goggo, ba gwiwa ba ce ko?"

Ta dube ni ta ce, "Ke da in na faɗa miki magana da safe, kafin azahar an ji ta a Kano?"

Ta yi mini rashin adalci kaɗan, amma ba da yawa ba. Sai dai ba ta ce gwiwa ce ba, ni kuwa mace ce, na san abin da ke sa mace ta ɓoye wankinta.

Ranar nan da rana hadari ya haɗo ta gabas ya watse bai zubar ba. Masu jinya daga ƙauyuka suka yi ta kallon sama suna murna, ni kuwa ban yi murna ba, don na san ruwan farko shi ne motar Zermu. Na tashi na nemi shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, wadda suke kira manjo, wata Madam Hawwa mai jiki, Badamagariya. Na same ta tana wanke hannu.

Na ce, "Madam, ni baƙuwa ce, tambaya zan yi. A ƙasar nan mara lafiya yana iya cewa kowa ya fita, a bar shi da likita?"

Ta ce, "Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. A gan shi shi kaɗai, a rufa masa asiri, a gaya masa abin da ke damunsa da bakin da yake ji, kuma ba a yi masa aiki sai ya yarda da kansa. A ƙasarku ba haka ba ne?"

Na ce wataƙila haka ne, amma ni ban taɓa shiga ganin likita ba tare da wata ta riƙe mini jaka ba. Ta yi dariya, ta tambaye ni wace ce tawa. Da na faɗa mata ta ce, "Inna mai suruki? Ai mu har kwatance muke da shi. Mutum ya zo da tafintansa, mai ilimi, mai ladabi, sai mu ce an rage mana aiki." Ta goge hannunta. Sannan ta ce, "Suruki. Kai, ban taɓa sa shi a wannan ma'aunin ba." Ta ce gobe za ta shiga zagayen da kanta, amma gara mu fara gaya masa, kada dattijo ya ji an kore shi a gaban jama'a.

Wannan aikin ni ya faɗa wa, kuma ban iya shi ba. Bayan la'asar muna tsakar gida, Mushe yana haɗa shayi a ƙananan kofunan nan nasu, na ce masa kai tsaye gobe kada ya shiga. Fanna ta ajiye tsintsiya.

"Daga zuwanki jiya jiya? Mutumin da ya bar komai nasa saboda ita za ki ce kada ya shiga? In bai shiga ba wa zai ji Faransanci, ke?"

Wannan ba wasan taubasai ba ne, da gaske take. Na ce ban raina ƙoƙarinsa ba, amma ta tuna wace ce Goggo a wurinsa. Akwai abin da mace za ta gwammace ta mutu da ta faɗe shi a gaban mijin 'yarta. Na juya wajensa na ce, "Mushe, ni ba na jin Faransanci, amma ina da kunne. Likita yana magana mai tsawo, kai kana fassara guntuwa. Ina sauran take zuwa?"

Ya daɗe yana juya shayin daga kofi zuwa kofi. Na zaci zai tashi ya bar mana wurin. Da ya yi magana ba mu yake kallo ba.

"Ya tambaya. Tun ranar farko ya tambaya, kuma kullum sai ya sake. Ko tana ganin jini, ta ina, tun yaushe. Ya kira wuraren da sunansu." Ya ajiye kofin. "Da wane baki zan faɗa wa Inna wannan? Sai in gyara maganar yadda za ta faɗu, ina cewa in akwai wani abu ai za ta gane ta faɗa. Da ta ce gwiwa, wallahi daɗi nake ji, in ce ashe babu."

Fanna ta zauna a bakin turmi. Ta ce, "Ni ma ban taɓa tambayarta ba." Ba wanda ya ce mata don me, duk mun san 'yar fari ba ta wannan hira da uwarta. Na ji tausayinsu ya kama ni su duka ukun. Da a hannun marasa kirki Goggo ta faɗa, da tuni an bar ta ita kaɗai da likita ta faɗi abin da ke cinta.

Da safe Mushe ya zo kamar kullum, rigarsa a goge. Ya tsaya a ƙofa ya gaida Goggo daga nan, ya ce wa likita wani abu da Faransanci, ya juya. Madam Hawwa ta jawo labule ta kewaye gadon. Ni kuwa na gyara tsayuwa daga ciki, don a ganina ni na haɗa wannan abin, kuma ni ba suruka ba ce. Madam Hawwa ta ce, "Inna, wa kike so ya zauna?"

Goggo ta ce, "Ke kin isa. Uwata ma ta fita."

Haka na fito na sami Mushe da Fanna a gindin itace. Mun daɗe a wurin, har inuwa ta matsa muka bi ta. Ban taɓa jin son sanin abu irin na ranar ba. Da likita ya fito, fuskarsa ta sake, ya wuce da sauri yana kiran wani a waya. Na tare Madam Hawwa na ce mene ne. Ta ce, "Ciwonta ne. Ki tambaye ta, in ta ga dama ta gaya miki." Abin da kawai Goggo ta yarda a faɗa mana shi ne za a mayar da ita ɓangaren mata, akwai aikin da za a yi mata, an bayyana mata komai da Hausa, ta kuma ce a yi. Wani ƙanen mijin Goggo da ya zo daga Zermu ya ce ai ba a shawarci maza ba. Madam Hawwa ta ce masa an shawarci mai jikin.

Ruwan shuka ya sauka Goggo tana kwance bayan aiki, ba wanda ya sake ta da maganar mota. Likita ya ce an makara amma ba a makara ƙwarai ba, za a ci gaba da dubata, sauran na Allah ne. Kafin in taho ta fara shan fura da hannunta, ta kuma fara yi wa Fanna faɗa a kan gishirin miya ta bakina, wai in gaya wa yarinyar nan. Har yau ban san sunan ciwon ba, masu tambayata su huta.

Ranar da zan kamo hanya na je sallama. Mushe yana waje, ya durƙusa ta wajen taga ya gaishe ta, ta amsa fuskarta a rufe, ya koma inuwa. Na jira ya yi nisa.

Na ce, "Goggo, kin kusa kashe kanki. Tun farko me ya hana ki ce ya ɗan ba ki wuri?"

Ta ce, "Mutum ya bar barcinsa ya zo dominki, ki ce masa fita? Ba a haife ni da wannan bakin ba, uwata, ke aka ba." Ta gyara mayafinta tana kallon tagar. "Addu'a dai na yi ta yi. Kullum in na ji takun lokotoro sai in ce Allah ka kawo wa bawan nan naka wani uzuri yau, ko baƙo, ko ciwon kai, ko tayar babur ta sace, in samu in faɗa. Yaron nan bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya."